Zarto a Kan Reshe: A Sare ko a Gyara?

Kafin ƙarfe takwas na safe motar masu aikin bishiya ta riga ta tsaya a bakin titi, tana jaye da injin niƙa rassa. Galibi su uku ne: ɗaya zai hau, biyu su tsaya a ƙasa. Ba wanda zai tayar da inji sai an zagaya bishiyar tukuna. Mai hawan zai ɗaga kai ya bi ta da ido reshe bayan reshe, sannan ya ƙwanƙwasa gindinta da gudumar roba yana saurare, kamar yadda mai sayen tulu ke yi kafin ya biya, domin icen da ya yi kogo a ciki amonsa daban ne. Zai duba ko naman kaza ya tsiro a gindi, alamar ruɓa ta kama saiwa. Zai duba inda wayar lantarki ta bi. Zai kuma leƙa ko tsuntsu ya yi sheƙa, saboda a Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a lalata sheƙar da tsuntsu ke ciki, kuma daga watan Maris zuwa Agusta aiki da yawa kan tsaya a kan wannan kaɗai. In komai ya yi, sai ya cilla wani ɗan buhu mai nauyi da ke ɗaure da siririn zare, ya tsallaka ta inda wani ƙaƙƙarfan reshe ya rabu biyu can sama, ya jawo igiyar hawa da shi.

Kayan jikinsa kowanne da dalilinsa. Ɗamarar da zai zauna a ciki yana lilo, ƙugiyoyin ƙarfe masu kulle kansu, hular kwano mai toshe kunne da ragar kare ido. Wandonsa mai kauri ne, cike da dogayen zaruruwa, ta yadda in sarƙar zarto ta taɓa shi zaren zai fito ya cushe injin ya tsaya kafin ya kai ga tsoka. Sarƙar nan kuwa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda. A ƙugunsa zarto biyu ne: na hannu mai kaifin tsiya, wanda mafi shahararsa ƙirar Japan ce mai suna Silky, da ƙaramin zarton inji na Stihl ko Husqvarna mai mariƙi a sama, wanda aka yi shi don aikin kan bishiya kawai. Duk wata shida sai wani masani ya bincika igiyoyin da ɗamarar ya sa hannu. Reshe mai nauyi ba a sakinsa ya faɗo haka nan. Ɗaure shi ake yi kafin a yanka, na ƙasa ya naɗa igiyar a jikin wani ƙarfe da aka ɗaura a gindin bishiyar, ya riƙa sassauta ta a hankali har reshen ya sauka tsakanin rufin gida da shinge ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Kuma dole ɗaya daga cikin na ƙasan ya kasance shi ma ya iya hawa, kayansa a shirye, domin in na sama ya yanke ko ya suma, shi ne zai je ya sauko da shi.

Akwai kaya guda da ya kamata mai kallo ya lura da shi: wasu ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a ƙwauri, a riƙa soka su a jikin itace ana hawa. Gwani ba ya sa su a bishiyar da za ta rayu, don kowane taku rauni ne a ɓawonta. In ka ga ya zauna yana ɗaura su, to an riga an yanke wa bishiyar hukunci.

Turawan Ingila suna kiran mai wannan sana'a da sunan da ke nufin likitan fiɗa na bishiya. Sunan yana da nauyi, kuma a kansa ne gardamar da nake so in auna ta taso. Wasu na ganin aikin mutumin nan shi ne ya kare jama'a daga tsohuwar bishiya, ya kawar da ita tun ba ta faɗo wa wani ba, a dasa sabuwa a gurbinta. Wasu kuma na cewa likitan da maganinsa kullum yanke ƙafa ne ya bar likitanci, kuma bishiyar da ta shekara ɗari a unguwa tana da haƙƙin a nemi duk wata dabara kafin a kai ga gindinta. Ni ina da ɓangaren da na fi karkata, zan kuma faɗa, amma ba zan ɓoye cewa ɗaya ɓangaren yana riƙe da hujjar da ta hana ni sakewa ba.

Sana'ar kanta ta taɓa sauya ra'ayi a kan abin da ake kira magani. John Davey, Bature ɗan Ingila da ya yi ƙaura zuwa Amurka ya zauna a jihar Ohio, shi ne ya fitar da littafi a 1901 da ya yayata cewa ana iya jinyar bishiya kamar yadda ake jinyar mutum. Shekaru da dama bayan haka, jinyar ita ce a kankare ruɓaɓɓen wuri tas, a cike kogon da siminti ko bulo, a yanke reshe daf da gangar jiki ya yi sumul, a shafe wurin da fenti ko kwalta. Aiki ne mai kyan gani, kuma da kyakkyawar niyya aka yi shi. Sai Alex Shigo, masani a hukumar gandun dajin Amurka, ya ɗauki zarto ya tsaga dubban itatuwa a tsaye yana bin sawun ruɓa a cikinsu. Abin da ya bayyana a shekarun 1970 ya rushe tsohon ilimin. Bishiya ba ta warkewa irin ta mutum. Killace ciwon take yi, ta gina katanga a kewayensa, ta ci gaba da tara sabon itace a bayansa. A gindin kowane reshe akwai wani ɗan kumburi kamar wuyan riga, kuma nan ne katangar take. Wanda ya yanka sumul ya cire katangar da hannunsa, wanda ya kankare kogo ya fasa wadda bishiyar ta riga ta gina, fenti kuwa danshi yake riƙewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shekara da shekaru likitocin ne ke tsaga bangon. Yau abin da ake koya wa ɗalibi shi ne ya yanka a bayan kumburin nan, ya bar wurin a buɗe, ya kuma rage yawan yanka iyakar iyawa. Na kawo wannan ne domin a san cewa masu zarton ma sun taɓa yin kuskure da yaƙini, sun kuma yarda sun gyara.

Inda gardamar ta fito titi ta zama rigima shi ne birnin Sheffield. A 2012 majalisar birnin ta ba kamfanin Amey kwangilar shekara 25 ta gyaran tituna, ta sama da fam biliyan biyu. Birnin yana da bishiyoyin gefen titi kimanin 36,000, da yawansu tun zamanin Sarauniya Victoria da jim kaɗan bayanta. Aka ce za a cire matattu, da masu mutuwa, da masu cuta, da masu haɗari, da masu lalata titi, da masu tare wa naƙasassu hanya. Kashi huɗu na farko ba wanda ya ja. Biyun ƙarshe ne suka haɗiye lafiyayyun bishiyoyi, don in saiwa ta ɗan ture dutsen bakin kwalta, shi ke nan ta shiga jerin masu laifi. Aka sare fiye da 5,000. Ranar 17 ga Nuwamba 2016, da misalin ƙarfe biyar na asuba, 'yan sanda suka tashi mazauna titin Rustlings daga barci su janye motocinsu, masu zarto suka hau aiki cikin duhu, aka kama mutum uku, biyu daga ciki mata ne da suka kai shekara saba'in. Daga nan mutanen gari suka riƙa tsayawa a ƙarƙashin bishiyoyi suna hana aiki, aka yi ta shari'a, har aka dakatar da saran a watan Maris na 2018. Ta kuma fito fili cewa kwangilar tana ɗauke da adadin 17,500, wato kusan rabin bishiyoyin titin birnin. Rahoton binciken da Sir Mark Lowcock ya fitar a watan Maris na 2023 ya ce majalisar ta ɓatar da jama'a har da kotu, kuma ta fito ta nemi gafara. A wannan watan na Maris dai, a birnin Plymouth, aka sare bishiya 110 a tsakiyar gari cikin dare guda, sai umarnin kotu ne ya tsayar da aikin kafin gari ya waye, shugaban majalisar ya ajiye muƙaminsa.

Wanda ya ji wannan labari zai ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin masu cewa a sare ba duka ne 'yan kwangila ba, kuma suna da gawarwakin da suke nunawa. A watan Disamba na 1999 wata bishiya ta faɗo kan motoci a unguwar Kings Heath ta Birmingham ta kashe mutum uku, kotu ta ci majalisar birnin tarar fam 150,000. A 2020 wata ruɓaɓɓiyar bishiya ta faɗa wa yarinya 'yar shekara shida a filin makaranta a Newcastle ta rasu, aka ci majalisar can tarar fam 280,000 saboda an ga alamar ruɓar ba a bi ta yadda ya kamata ba. Jami'in da ke da alhakin dubban bishiyoyi, da ma'aikata ƙalilan da kuɗi ƙalilan, da waɗannan labaran yake kwana. In ya bar bishiya ta rayu ba wanda zai zo ya gode masa, in ta faɗo sunansa ne a takarda. Rigakafi ya fi magani, in ji shi, kuma uwar yarinyar nan ba za ta musa masa ba.

Suna da wasu hujjojin na yau da kullum. Mai keken guragu da makaho da tsohuwa mai sanda su ne ke shan wahalar daɓen da saiwa ta tayar, kuma su ba su cika fitowa zanga-zanga ba. A Landan da kewayenta ƙasar yumɓu ce. Da rani saiwa kan tsotse ruwanta ta motse, harsashin gida ya zauna, bango ya tsage, kamfanin inshora ya aiko wa mai bishiyar takarda. Sannan akwai maganar shekaru: bishiyoyin da aka dasa lokaci guda tare za su tsufa, kuma in ba a fara musanya su kaɗan-kaɗan tun yanzu ba, wata rana titi zai wayi gari fayau gaba ɗaya. Wannan hujja ta ƙarshe tana da ƙarfi, kuma masu son bishiya ba su cika amsa ta da kyau ba.

Amsar ɗaya ɓangaren tana farawa ne da lissafi. Hukumar kula da lafiya da amincin ma'aikata ta Birtaniya ta ce mutum biyar zuwa shida ne bishiya ke kashewa a shekara a faɗin ƙasar, kuma yiwuwar hakan ta sami mutum a wurin da jama'a ke wucewa kamar ɗaya ce cikin miliyan goma. Titin da bishiyar ke tsaye a gefensa ya fi ta kisa nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya ce a rufe shi. A labaran Birmingham da Newcastle kuma, in aka duba, laifin da kotu ta kama shi ne sakaci wajen dubawa da bin abin da aka gani. Maganin wannan shi ne a ƙara ido a kan marasa lafiya, ba a bi lafiyayyu da zarto ba. Kayan dubawar kuwa suna nan: akwai na'urar da ke tura siririyar allura cikin itace tana auna taurinsa, akwai wadda ke aika sauti ta zana hoton cikin gindin, a ga iyakar kogon da kaurin lafiyayyen icen da ya kewaye shi. Bishiya mai kogo ba lallai ne ta faɗi ba, kamar yadda bututun ƙarfe ke ɗaukar kaya alhali cikinsa fanko ne. Sau da yawa rage mata tsawo da nauyin rassa ya isa iska ta daina cin ƙarfinta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganar a dasa sabuwa a gurbin tsohuwa ita ce ta fi ɓata mini rai, domin a takarda ɗaya ce ta maye ɗaya, a ƙasa kuwa sanda ce ta maye rumfa. Dashen da bai wuce kaurin hannu ba sai ya yi shekara talatin ko arba'in kafin ya ba da inuwar da za a kira inuwa, in ya rayu ke nan, don da yawa kan mutu a shekarun farko saboda rashin ban ruwa. Wanda ya sare a yau ya ci inuwar 'ya'yansa ne. A da ana iya cewa Ingila ƙasar sanyi ce, me za ta yi da inuwa. Ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya haura digiri 40 a ƙasar karo na farko tun da aka fara aunawa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin bambancin layin da ke da dogon yaro da wanda ba shi da shi a watan Afrilu. Yanzu su ma sun fara ɗanɗanawa. Kuma abin da ya biyo bayan rigimar Sheffield ya isa shaida. Da aka zauna aka sake duba bishiyoyin da aka riga aka yanke wa hukunci, ma'aikatan kamfanin da masu fafutuka tare, aka ɗaga daɓen aka leƙa, sai aka tarar da yawansu ƙaramin aiki suke buƙata: a sa siririn dutse a bakin kwalta, ko a ɗan karkata layinsa, ko a ɗaga daɓen kaɗan. Dabarun nan suna nan tun farko.

Tsohuwar bishiya kuma tana da juriyar da mai gaggawa ba ya ba ta damar nunawa. Guguwar daren 15 ga Oktoba 1987 ta kayar da bishiya kimanin miliyan 15 a kudancin Ingila. A lambun Kew da ke Landan akwai wata tsohuwa da aka dasa tun ƙarshen ƙarni na 18, wadda ta riga ta fara rauni. Iskar ta ɗaga ta da saiwarta ta sake dire ta a raminta. Ma'aikata suka sa ta a ƙarshen jerin waɗanda za a sare, saboda aiki ya yi musu yawa. Kafin su zo kanta sai ga ta ta yi sabon ganye fiye da da. Ashe ƙafafun masu yawon buɗe ido ne suka daddanne ƙasar da ke kan saiwarta tsawon shekaru, iska da ruwa ba sa shiga, girgizar ta sassauta ta. Daga nan suka koyi hura iska cikin ƙasar gindin tsofaffin bishiyoyi. Da an sami mai zarto a makon farko, da an rasa bishiyar, an kuma rasa darasin.

To, har nan ina tare da masu cewa a gyara. Abin da ya hana ni sakewa shi ne mutumin da ke kan igiya. Mu da ke ƙasa muna cewa a rage mata rassa kawai, amma wani ne zai hau ya rage, kuma reshen da zai rataya ransa a kai na bishiyar nan ce da muka yarda tana da ciwo. Hukumar lafiya da amincin ma'aikata da na ambata ta taɓa fitar da ƙidayar shekara goma: masu wannan sana'a 24 sun mutu a bakin aiki, kusan 1,400 sun ji rauni. Sana'ar ba ta da yawan jama'a, don haka adadin babba ne. Waɗanda suka tsira daga faɗuwa da yanka ma, kafaɗa da gwiwa da baya sukan gaji da wuri, yatsu su riƙa mutuwa saboda karkarwar inji, mutum bai tsufa ba ya sauko daga sama ya koma aikin ƙasa ko na dubawa.

Cutar da ta kama bishiyar ash ta ƙara tsananta wannan. An tabbatar da shigarta Birtaniya a 2012, funfuna ce da iska ke ɗauka, kuma ana fargabar za ta kashe mafi yawan irin wannan bishiya a ƙasar, kamar yadda wata cutar ta share miliyoyin bishiyar elm tun daga ƙarshen shekarun 1960. Icen ash da ya kamu yakan yi gautsi, ya karye ba gargaɗi. A nan jinkiri yana da farashi: bishiyar da za a iya hawa lafiya bana, in aka ce a ba ta shekara biyu a gani, lokacin da za a dawo ba mai hankalin da zai hau ta. Mai son bishiya yana da gaskiya in ya ce kaɗan daga cikinsu suna jure cutar, kuma daga gare su ne za a sami irin gaba, don haka kada a share duka. Mai hawa ma yana da gaskiya in ya ce wadda ke kan titi ko makaranta a sauke ta tun tana da ƙarfin ɗaukarsa. Ban ga yadda za a ce ɗayansu ya yi kuskure ba.

Ko a cikin sana'ar akwai saɓani a kan yadda za a kare shi. Dokar aiki a sama ta 2005 ta jera abin bi: in za a iya yin aikin daga ƙasa a yi, in ba haka ba a kawo motar nan mai dogon hannu da kwando, hawa da igiya shi ne na ƙarshe. Daga wajen 2020 kuma aka matsa cewa mai hawa ya riƙa aiki da igiya biyu, kowacce a maƙale a wurinta daban, don in ya yanke ɗaya bisa kuskure ko reshe ya karye ɗayar ta riƙe shi. Tsofaffin hannu da yawa sun yi ƙorafi cewa igiya biyu na sarƙewa, tana rage sauri, tana ƙara gajiya, gajiya kuwa ita ce uwar kuskure. Ina jin su, amma ban bi su ba a nan. Wanda igiyarsa guda ta tsinke ba ya nan balle a ji nasa ra'ayin. Damuwata da injuna wata ce daban. Akwai manyan motoci yanzu masu hannun da ke cafke reshe ya yanke ya sauke, ba wanda ya bar ƙasa. Suna ceton rai, babu shakka. Sai dai sun fi gwaninta a rushewa fiye da gyara, kuma kamfanin da ya ci bashi ya sayi irin wannan mota zai so ta yi aiki kullum. Kayan aiki yakan ja ra'ayin mai shi.

Nan ne nake ganin asalin matsalar take, wato wa ke yanke hukunci, kuma me zai samu. Sara aiki ne na yini guda mai kuɗi a dunƙule. Gyara kuwa sai an dawo bayan shekara uku ko biyar, an sake dubawa, an sake hawa, kuma sai mai bishiyar ya yarda ya biya kuɗin aikin da in an yi shi da kyau ba zai ma ga alamar an yi ba. A Birtaniya ba a buƙatar lasisi kafin mutum ya kira kansa likitan bishiya. Akwai takardun shaidar ƙwarewa na hawa da riƙe zarto da ceto, akwai ƙa'idar aiki ta ƙasa mai lamba BS 3998, akwai ƙungiyar masu sana'ar da ke tantance kamfanoni, amma duk da haka kowa na iya sayen zarto da tsohuwar mota ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya tsorata tsohuwa cewa bishiyarta na gab da faɗo mata. Irin waɗannan ne ke guntule kan bishiya gaba ɗaya su bar ta kamar turke. Abin da ke biyo baya sananne ne: ruɓa ta shiga ta manyan raunukan, sabbin rassa su fito da yawa a gurguje ba su kafu da kyau ba, bayan 'yan shekaru bishiyar da ba ta da haɗari ta zama mai haɗari. Gwanin kirki yakan rasa aiki saboda ya ce wa mai gida bishiyarka lafiyarta ƙalau, bar ta.

Don haka matsayina shi ne wannan. Lafiyayyar babbar bishiya, nauyin kawo hujja yana kan mai son a sare ta, kuma tsagewar daɓe ba hujja ba ce sai an nuna an gwada gyaran daɓen ya gagara. Wanda zai duba ya yanke hukunci kada ya zama shi ne zai ci kuɗin saran. Mutanen layin a gaya musu da rana tsaka, a ji ta bakinsu. Ingila ta mayar da wannan doka, tun ƙarshen 2023 wajibi ne hukuma ta tuntuɓi jama'a kafin ta sare bishiyar gefen titi, ban da masu haɗari da wasu kaɗan da aka keɓe. Amma in gwanin hawa ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ba ta hawuwa, to maganarsa ta fi tawa, ta fi ta mai riƙe da kwali a ƙasa. A Sheffield an zagi ma'aikatan da ke kan igiya, alhali ba su suka rubuta 17,500 a kwangila ba. Wannan bai dace ba, ko da fushin yana kan gaskiya.

Ina rubuta wannan ne ina tuna dogon yaron da ke jere a titunan Maiduguri da Kano da Sakkwato, waɗanda da yawansu sun manyanta, suna kan wayoyin lantarki da rumfunan masu shayi da katangun makarantu. Mu ma muna da ilimin yanka na gado. Makiyayi ya san yadda zai sassaro wa dabbobinsa ganyen gawo bishiyar ta sake tohowa, manoman Maradi da Damagaram sun dawo da miliyoyin itatuwa gonakinsu ta hanyar zaɓen tsiro biyu ko uku a kan tsohon kututture su datse sauran. Amma a cikin gari, in reshe ya tsorata mai gida, yaro ake kira da gatari ko adda. Zai tuɓe takalmi ya hau, ba igiya, ba hula, ba wanda zai iya sauko da shi in wani abu ya faru, kuma sau da yawa ladansa icen da ya saro ne, don haka gwargwadon abin da ya sara gwargwadon abin da zai kai gida. Na sha tsayawa ina kallon irin wannan yaro yana tsaye a kan reshe yana saran na kusa da shi, mutane a ƙasa suna nuna masa wanda zai ƙara, kuma ban taɓa jin wani ya tambaye shi ko reshen da yake tsaye a kai zai ɗauke shi ba.